Cocin Fairford: ginin da aka yi domin tagoginsa

A Fairford, wani ɗan ƙaramin gari da ke bakin kogin Coln a gundumar Gloucestershire ta Ingila, akwai coci mai sunan Maryamu wanda aka keɓe don ibada a 1497. Cocin gari ne kawai, irin wanda ake kai jariri a yi masa baftisma, a ɗaura aure, a yi wa mamaci addu'a kafin a binne shi a haraba. Ingila na da irinsa dubbai. Abin da ya fitar da wannan daga cikin tsara shi ne tagoginsa 28 na gilashi mai zane, waɗanda aka yi daga wajejen 1500 zuwa 1517, kuma har yau suna nan kusan yadda aka jera su tun farko. Babu wani cocin gari a ƙasar da ya tsira da cikakken jerin gilashin wancan zamani kamarsa. Duk wanda ya fahimci tagogin nan ya fahimci ginin, domin kusan kowace shawara da magina suka yanke, daga kaurin bango zuwa siffar rufi, sun yanke ta ne don gilashi ya sami wurin zama.

Kuɗin ginin daga bayan tumaki ya fito. A ƙarni na 14 da na 15 ulun tsaunukan Cotswold, yankin da Fairford ke ciki, na cikin mafi daraja a Turai, fatake na kwasarsa zuwa masaƙun Flanders, a Beljiyam ta yau, da na Italiya, har ta kai shugaban Majalisar Dattawan Ingila yana zama a kan buhun ulu don a riƙa tuna inda arzikin ƙasa yake. Attajiran da suka kuɗance da wannan fatauci sun zuba dukiya a coci-cocin garuruwansu, shi ya sa ƙananan wurare irin su Northleach da Chipping Campden ke da gine-ginen da suka fi ƙarfin yawan jama'arsu. A Fairford attajirin shi ne John Tame. Ya rushe mafi yawan tsohon cocin a farkon shekarun 1490 ya tayar da sabo, ya rasu a 1500, ɗansa Edmund ya ƙarasa aikin.

Kada a ɗauka kyauta ce tsagwaronta. A lokacin Ingila duk Katolika ce, kuma mutane sun yi imani cewa yawancin rayuka sai sun bi ta wani zango na tsarkakewa bayan mutuwa, addu'ar rayayyu kuwa tana rage tsawon zaman. Mai kuɗi yakan so kabarinsa ya kasance inda limami da jama'a ba za su iya kauce masa ba. Kabarin Tame na nan tsakanin ɗakin bagadi da ɗan ɗakin ibada na Maryamu, akwatin dutse mai duhu, a samansa an kafa hotonsa da na matarsa Alice a kan farantin tagulla. Abin dariya, an zana shi sanye da sulke kamar jarumi, alhali mutumin da sikeli da buhu ya san duniya. Neman lahira da neman suna sun haɗu a wuri guda, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba.

Salon ginin shi ne na ƙarshe cikin salon Gotik na Ingila, wanda ya fara bayyana a shekarun 1330 a babban cocin Gloucester, nan kusa. Ana gane shi da miƙaƙƙun layuka. Sandunan dutsen da ke raba taga gida-gida suna tashi tsaye tun daga ƙasa har su taɓa baka, wato lanƙwasar saman tagar, ba sa lanƙwasa su zama furanni kamar na salon da ya gabace shi. Bakar kanta an danne ta, ta yi faɗi maimakon tsini. Wannan ba ado kaɗai ba ne. Baka mai tsini sosai tana cinye kusurwoyi biyu na sama ta bar su bango, shimfiɗaɗɗiya kuwa tana barin taga ta cika kusan duk filin da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Kuma miƙaƙƙun sandunan suna yanka tagar zuwa dogayen allunan da mai zane zai tsayar da mutum ɗaya a kowanne.

To idan an fafe bango an cika shi da gilashi, me zai ɗauki rufi? Amsa biyu magina suka bayar. Ta farko, sun tara nauyin a kan ginshiƙai da kuma tokaran dutse da ke jingine da bango daga waje, tsakanin taga da taga. Ta biyu, sun ƙi yin rufin dutse. Azarar katakon oak suka shimfiɗa, kusan kwance, aka lulluɓe ta da dalma daga sama, ƙafafunta na zaune a kan mala'ikun dutse da suka leƙo daga bango. Rufin katako ba ya tura bango waje kamar yadda ɗaurin dutse ke yi, don haka bangon sama ma ya samu a huda shi da wani jerin tagogi takwas, huɗu a kowane gefe. Daga waje ba a ma ganin rufin sosai, ya ɓuya a bayan rawanin bango mai haƙora, wanda aka jera wa ƙananan tsinaye kamar zankwayen soron Kano. Dutsen kuwa farar ƙasar yankin ce mai ruwan zuma, mai laushi a hannun masassaƙi sa'ad da aka haƙo ta, tana ƙara tauri idan ta sha iska.

Abu ɗaya ne ya ƙi bin tsarin: hasumiya. Ta girmi sauran ginin, Tame bai rushe ta ba, ya ƙarfafa ta ya ƙara mata tsawo. Tana tsaye a tsakiya a kan manyan ƙafafu huɗu, tsakanin zauren jama'a da ɗakin bagadi, kuma tana tare ido. Coci-cocin ulu da aka gina daga tushe sukan kai hasumiya ƙarshen yamma don ciki ya zama fili guda. A nan sai barandun gefe biyu suka zarce ta dama da hagu har suka rungumi ɗakin bagadi, ginin ya zama kusan murabba'i mai tsawo da dunƙulen tsohon dutse a cibiyarsa. A ganina wannan cikas ɗin ya yi wa cocin rana, domin yana tilasta wa mutum ya zagaya, tagogin kuwa da zagaye ake karanta su.

Karatun yana farawa daga barandar arewa. Taga ta farko na ɗauke da abubuwa huɗu daga Tsohon Alkawari: Hauwa'u da macijin, Musa a gaban kurmin da ke ci da wuta, Gidiyon da fatar tunkiyarsa, sai Sarauniyar Saba a gaban Sulemanu. Ba a zaɓe su da ka ba. Malaman coci na lokacin suna karanta kowane ɗaya a matsayin ishara ga abin da zai zo game da Maryamu da haihuwar Yesu. Kurmin da ya ci wuta bai ƙone ba, misali, suna ɗaukarsa alamar budurwar da ta haihu. Daga nan sai a shiga ɗakin Maryamu, inda labarin rayuwarta da haihuwar da ƙuruciyar Yesu suke. Babbar tagar gabas, wadda ke saman bagadi, ta ɗauki makon ƙarshe na Yesu kafin gicciye kamar yadda Linjilar Kirista ta kawo shi: shiga Urushalima, addu'a a lambu, Bilatus na wanke hannu, bulala, ɗaukar gicciye, sannan a sama gicciyewar ta mamaye gidaje biyar na tagar gaba ɗaya. Ɗakin kudu ya ci gaba da abin da ya biyo baya.

A zauren jama'a kuma dabarar ta sauya, ta koma ta fuskantar juna. Annabawa 12 na tsaye a arewa, manzanni 12 na kallonsu daga kudu, kowane manzo riƙe da jimla ɗaya daga cikin kalmar bangaskiyar Kirista, annabin da ke daidai da shi riƙe da ayar da ake cewa ta yi annabcinta. Marubuta Linjila huɗu na fuskantar manyan malaman cocin Latin huɗu. A can sama, gefen kudu shahidai ne da waliyyai da mala'iku bisa kawunansu, gefen arewa kuwa, inda rana ba ta bugawa, an jera waɗanda suka tsananta wa masu bi, irin su Yahuza da Kayafa da Hiridus, da shaiɗanu a samansu. Hatta hasken rana an ba shi aiki a cikin wa'azin.

Sau da yawa a kan ce irin waɗannan tagogi littafin jahilai ne, wai an yi su don wanda bai iya karatu ba. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma ta yi sauƙi da yawa. Rubutun da ke hannun annabawan nan da Latin yake, a tsayin da ko mai ido sai ya ƙanƙance. Makiyayin da bai taɓa jin fassarar kurmin Musa ba, ba zai gano ta don ya kalli gilashi ba. Tsarin aikin masani ne, kuma sai da mai bayani a gefe.

Inda ba a bukatar mai bayani shi ne tagar yamma, wadda mutum ke cin karo da ita idan ya juya zai fita. Ranar Shari'a ce. A tsakiyar rabin ƙasa Mala'ika Mika'ilu na tsaye cikin sulken zinariya, riƙe da mizani. Matattu na fitowa daga kaburbura, wasu da likkafani a jiki. Ta hagun mai kallo Bitrus na karɓar masu rabo a kan matakala mai haske. Ta dama kuwa launi ya rikiɗe, shuɗi ya koma ja, jan ya yi ta ƙara duhu har kusurwa, inda Shaiɗan ke zaune da kai irin na kifi, da wata fuskar mai haƙora a cikinsa. Shaiɗanun wasu shuɗaye ne wasu jajaye, masu ƙaho da ƙaya, kuma kowa na bakin aikinsa kamar 'yan dako ranar kasuwa. Ɗaya ya saɓo mutum a kafaɗa, wani ya loda wata mata a baro yana turawa zuwa wuta. Masu zanen sun fi sakin hannu a nan fiye da ko'ina, kuma a bayyane yake sun ji daɗin aikin. Tagogi biyu da ke gefenta na nuna hukuncin Dawuda da na Sulemanu, wato shari'ar duniya a gefen ta lahira.

Jan nan da ke cin ido yana da sirri. Ana rina gilashi ne tun yana narke a tukunya, da garin ƙarafa, amma jan da tagulla ke bayarwa yana da kauri har haske ba ya ratsa shi. Sai masu hurawa suka koyi shafa siririn ja a kan farin gilashi. Wannan ya ba mai zane wata dama: ya kankare jan a wasu wurare, fari ya fito, ya sami ido ko haƙori ko harshen wuta a cikin ɓallen gilashi ɗaya. Fuskoki da ninkin tufafi kuwa da baƙin fenti ake yin su, garin tsatsar ƙarfe haɗe da niƙaƙƙen gilashi, a gasa a tanda ya manne. Ruwan ɗorawar gashi da kambi daga azurfa yake fitowa, a shafa ta a bayan gilashi a gasa. Sannan a haɗa ɓallayen da siraran sandunan dalma. Gilashi mai launi a lokacin daga ƙetaren teku ake shigo da shi Ingila.

Masu aikin ma da yawansu baƙi ne. An daɗe ana ba da labarin wai Tame ya kama wani jirgin ruwa ne maƙare da gilashin, ya gina coci don ya dace da ganimar, a ƙarni na 19 kuma wasu suka dage cewa zanen na Albrecht Dürer ne, shahararren mai zanen Jamus. Masana sun yi watsi da duka biyun. Yawancinsu na danganta aikin da shagon Barnard Flower, mai gilashin Sarki Henry na Bakwai, ɗaya daga cikin masu sana'ar da suka ƙaura daga yankin Holan da Flanders suka zauna a Southwark, tsallaken kogi daga Landan, inda ƙungiyar masu gilashin birnin ba ta da iko a kansu. Shi ne kuma ya fara gilashin cocin King's College a Cambridge kafin rasuwarsa a 1517. Hannun baƙin ya nuna a bayan hotunan: garuruwa masu ganuwa, koguna, ɗakuna masu zurfi, irin na zanen Flanders.

Wani ɓangare na katakon cikin ma na zamanin Tame ne, abin da ba kasafai ake samu ba. Shingayen oak masu sassaƙa da suka raba ɗakin bagadi da sauran wurare suna nan. Kujerun mawaƙa kuma na da wata dabara: mazauninsu na ɗagawa, a ƙarƙashinsa akwai ɗan tudu da mai doguwar tsayuwa zai ɗan jingina a kai, a gan shi kamar yana tsaye. Da yake wurin ɓoye ne, masassaƙa sun yi abin da suka ga dama, har da faɗan cikin gida inda mace ke jibgar namiji.

Yadda gilashin ya kai yau shi ne abin mamaki. Bayan Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma a 1534, umarnin da aka fitar a 1547 a zamanin ɗansa Edward ya ce a kawar da hotunan da ake ganin suna jawo camfi, har da na tagogi. Gumaka da zanen bango sun sha kashi, amma gilashi ya ɗan samu sauƙi saboda dalili na aljihu: wanda ya fasa taga sai ya sayi wata, in ba haka ba sanyi ya kashe shi a wurin ibada. Farmaki na biyu ya zo da yaƙin basasa, lokacin da majalisa ta ba da dokar kawar da hotuna daga coci-coci a 1643, mutane irin su William Dowsing suka bi coci-cocin gabashin Ingila suna farfasawa. Labarin da ake bayarwa a Fairford shi ne mutanen gari sun cire gilashin sun ɓoye. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma an sauke shi an adana, aka mayar bayan an gama.

Ɓarnar da ta fi girma daga iska ta zo, da kuma masu gyara. Babbar guguwar Nuwamban 1703 ta lalata tagogin yamma. A shekarun 1860 aka ba wani kamfani gyaran babbar tagar, sai ya maye rabin sama da sabon gilashi. Ko baƙo zai ga bambancin: saman ya yi tsaf, launinsa ɗaya ba gargada, ƙasan kuwa na da zurfi da rai. Irin wannan gyara da ke shafe abin da ya zo ceta shi ne ya harzuƙa William Morris, mai zane kuma marubuci, wanda gidansa na Kelmscott ba shi da nisa da Fairford, har ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. Ra'ayinsa shi ne a riƙa toshe ɗigo da gyara indararo a kan kari, a bar tsufa ya nuna.

Doka ta zo a makare. Sai a shekarun 1940 Ingila ta fara rajistar gine-ginen tarihi, dokar da ke aiki yanzu kuwa ta 1990 ce, hukumar Historic England ke riƙe da kundin. Aji uku ne, Fairford na aji na ɗaya, wanda bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari na duk gine-ginen da ke rajista ba. Kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan aji coci-cocin Cocin Ingila ne. Daga cikin coci kusan 16,000 da ɗarikar ke da su, sama da 12,000 na cikin rajista. Kariyar ta shafi ciki da waje, har da abin da aka kafe a jikin gini. Sai dai coci da ake ibada a cikinsa ba ya neman izinin ƙaramar hukuma kan sauye-sauyen ciki. Yana da nasa tsarin: a kai buƙata ga kwamitin ba da shawara na dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, a ji ta bakin ƙungiyoyin kare tarihi, sannan alƙalin kotun coci ya yanke. Kowace shekara biyar kuma dole ƙwararren mai tsara gini ya duba shi daga rufi zuwa tushe.

Matsalar ita ce doka ta hana, amma ba ta biya. A Faransa, tun dokar 1905, tsofaffin coci-cocin gari mallakar ƙananan hukumomi ne. A Jamus akwai harajin coci. A Ingila nauyin na kan majalisar masu ibada ta wurin, mutanen da a ƙauyuka da dama ba su fi cikin mota biyu ba, yawancinsu tsofaffi. Su ne za su nemo kuɗin dalmar rufi, wadda ɓarayi ke yawan kwarewa da dare su sayar. Su ne za su nemo magini mai aiki da kwaɓin farar ƙasa, domin siminti na kulle danshi a cikin irin wannan dutse har ya ruɓar da shi. Idan jemagu suka tare a rufi ma ba a isa a kore su ba, su ma doka na kare su. Cocin da jama'arsa suka gaza akan rufe shi, mafi daraja a miƙa wa wata gidauniya da aka kafa a 1969, wadda yanzu ke kula da fiye da 350.

Fairford ya fi yawancinsu sa'a, don yana da abin da ke kawo baƙi da masu ba da gudummawa. Da haka aka yi aikin ceto gilashin da ya ɗauki sama da shekara 20, daga shekarun 1980 zuwa 2010, a hannun shagon Keith Barley na York. Babban maƙiyin tsohon gilashi shi ne raɓar da ke kwanciya a kansa, tana cin fuskarsa tana ɓamɓare fenti. Maganin da aka yi shi ne a sa sabon farin gilashi a ramin tagar na asali ya tare ruwa da iska, a matso da tsohon ciki kaɗan, a bar rata sama da ƙasa don iskar ɗaki ta riƙa zagaya shi. Akwai masu ƙorafin cewa hakan na sauya kamannin gini daga waje, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma ina ganin cinikin ya yi, tunda dutsen da kansa don gilashin aka tsara shi.

Gardamar da ta fi zafi a irin waɗannan coci-coci yanzu ta benci ce da bayan gida da na'urar ɗumama ɗaki. Masu ibada na so su cire dogayen bencunan zamanin Sarauniya Victoria su sa kujerun da za a iya kwashewa, don a yi taro ko wasan kiɗa a samu kuɗin shiga. Masu kare tarihi na cewa bencin ma tarihi ne. A Bath, inda babban cocin shi ma na gari ne, ƙungiyar kare kayan zamanin Victoria ta kai maganar kotun coci a 2017 ta sha kaye, aka kwashe bencunan. A wuri irin Fairford lissafin ya fi wuya, domin ɗumama ɗaki da numfashin taron jama'a na sauya danshin da gilashi da katakon shekara 500 suka saba da shi. Alƙalin dayosis kan auna girman illar da sauyi zai yi wa darajar ginin da girman amfanin da zai kawo wa jama'a, kuma a gini mai aji na ɗaya sai hujja ta yi ƙarfi ƙwarai kafin ya yarda da babbar illa.